Hyper da Hypo: Jagorar Warware Kalmomin Likitanci Ga Sabon Ɗalibi

Na daɗe ina koyar da ɗaliban aikin jinya, kuma babu zangon karatun da ke wucewa ban ga an rikita kalmomin nan biyu ba, hyper da hypo. A takardar jarrabawa maki biyu ne mutum zai rasa, ya share hawaye ya wuce. A gefen gadon majinyaci kuwa lissafin daban ne.

Wani dare a ɗakin kwanciyar maza aka shigo da wani dattijo mai ciwon suga, gumi ya jiƙe masa riga, hannunsa na karkarwa, maganarsa ta sarƙe. Ɗalibar da ta amsa wayar likita ta zo da sauri ta ce, "Malam, an ce suga ne ya hau. In ɗauko insulin?" Na tambaye ta nawa na'ura ta nuna. Ta duba ta ce 2.4. Ashe hypo likita ya faɗa, kunnenta ya ji hyper. Sugan Baba ƙasa ya yi, kuma allurar da ta so ɗaukowa ƙara dulmiyar da shi za ta yi. Ruwan gulukos muka ba shi ta jijiya, kafin minti goma ya buɗe ido yana tambayar ina hularsa.

Ban ga laifin yarinyar sosai ba. Bahaushe yakan mayar da harafin p zuwa f, Turancin da muka tashi da shi kuma ba ya furta r a ƙarshen kalma. Sai hyper ta fito daga bakinmu kamar "haifa", hypo kuma kamar "haifo". Wasali ɗaya tak ya raba su, alhali maganin ɗaya guba ne ga ɗayar. Wannan ya sa na tsara jagorar nan.

Inda kalmomin suka fito

Dukansu biyu Girkanci ne. Girkawan dauri suna cewa huper idan suna nufin sama, bisa, ko abin da ya zarce iyaka. Hupo kuma ƙarƙashi ne. Rumawa ba su da harafin da zai ɗauki wasalin Girkanci na farkon kalmomin, sai suka aro harafin y domin rubuta shi. Har yau Faransawa na kiran wannan harafi i grec, wato i na Girkawa. Huper 'yar'uwar super ce ta Latin, hupo kuma 'yar'uwar sub. Shi ya sa za ku ga hypodermic da subcutaneous duk suna nufin ƙarƙashin fata: ta farko Girkanci ce daga kai har ƙafa, ta biyu Latin.

Girkanci ya zama harshen likitanci ne saboda manyan malaman fannin da shi suka yi rubutu. Hippocrates, wanda Larabawa ke kira Abuƙarat, an haife shi a tsibirin Kos wajen shekara ta 460 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Galen, wato Jalinus, an haife shi a Fargamon a shekara ta 129 Miladiyya. A Bagadaza Hunainu ɗan Is'haƙ, wanda ya rasu a 873, ya fassara littattafan Jalinus da dama zuwa Larabci, Ibn Sina kuma ya gina littafinsa Al-Ƙanun a kan wannan tushe. Su waɗannan malamai sun ɗauki lafiya a matsayin daidaiton ruwaye huɗu na jiki, waɗanda masu karanta littattafan ɗibbu na Larabci suka sani da dam, balgam, safra'u da sauda'u. A wurinsu cuta ita ce ɗaya ya yi yawa ko ya gaza. Ilimin zamani ya ajiye batun ruwaye huɗu, amma tunanin yawa da gazawa ya zauna.

Kada ku ɗauka Abuƙarat ya san kalmar hypertension. Galibin waɗannan kalmomi likitocin Turai ne suka ƙera su a ƙarni na 19 da na 20 da tubalan Girkanci, lokacin da aka sami kayan awo. Scipione Riva-Rocci na Italiya ya fito da abin auna jini da ake ɗaurawa a damtse a 1896, Nikolai Korotkoff na Rasha ya ƙara hanyar sauraro a 1905. Sai an iya auna abu ake sanin ya hau ko ya sauka.

Abin da za ku tanada

Littafin rubutu na musamman, kowane shafi a raba shi gida uku: goshi, saiwa, ƙeya.
Biro kala biyu, ja don hyper, shuɗi don hypo.
Ƙamus na likitanci wanda ke nuna asalin kalma. Wanda ke ba da ma'ana kawai ba zai wadatar ba.
Takardar da ke ɗauke da adadin da ɗakin gwaje-gwajen asibitinku ya ɗauka a matsayin daidai.
Abokin karatu da za ku riƙa yi wa juna shifta da baki, domin matsalar ta kunne ce kafin ta zama ta ido.

Mataki na 1: Ku yanka kalmar gida uku

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya yi nahawun Hausa. A kalmar manomi akwai ɗafa-goshi ma, akwai saiwa nom, akwai ɗafa-ƙeya i. Ku canza ƙeyar ku ce manoma, an sami jam'i. Haka kalmar likitanci take. Ku ɗauki hyperglycaemia: hyper ne goshi, glyc ce saiwa, daga glukus mai nufin zaƙi, aemia ce ƙeya, daga haima, wato jini.

Littattafan Turanci kan umarci ɗalibi ya fara karantawa daga ƙeya ya dawo goshi, saboda haka jimlarsu ke tafiya. Mu a waɗannan kalmomi mun huta: tsarin Hausa ya bi su daki-daki. Yawan suga a jini, ga goshi, ga saiwa, ga ƙeya. Hypovolaemia, ƙarancin yawan jini a jiki. Hyperemesis, yawan amai, irin wanda ke kwantar da mai sabon ciki har sai an yi mata ƙarin ruwa.

Amfanin yankawar shi ne ba za ku haddace kalma ɗari biyar ɗaya bayan ɗaya ba. Wanda ya riƙe goshi goma, saiwa talatin da ƙeya goma zai warware kalmar da bai taɓa gani ba. Ku lura da rubutun ƙeya: Ingila da Nijeriya aemia suke rubutawa, Amurka emia, a Nijar da sauran ƙasashen da ake karatu da Faransanci kuma émie. Abu ɗaya ne.

Mataki na 2: Ku tabbata goshin na gaske ne

Kama da wane ba wane ba ne. Akwai kalmomin da suka fara da haruffa iri ɗaya amma gidansu daban. Hypnotic, maganin sa barci, daga hupnos ta fito, wato barci, babu ruwanta da ƙarƙashi. Hippocampus, wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke da hannu a tuna abubuwa, daga hippos ta fito, wato doki, kuma wannan dokin ne a cikin sunan Hippocrates. Hysterectomy, cire mahaifa, daga hustera take. Hydro kuma ruwa ne.

Akwai kuma lokacin da goshin na gaske ne amma ya ɓoye. Idan hypo ta haɗu da wasali, takan jefar da o ɗinta, kamar yadda muke taƙaita "ba na" da "ba ni" a saurin magana. Hypoxia ita ce hypo da oxia, ƙarancin iskar oksijin a sassan jiki. O ɗin da kuke gani na oksijin ne. Hyphaema ita ce hypo da haima, jinin da ke taruwa a ƙasan gaban ƙwayar ido bayan duka ko rauni. Hyper ba ta taɓa jefar da r ɗinta. Saboda haka idan kun ga hyp babu er a bayanta, ku fara zargin hypo, sannan ku buɗe ƙamus.

Mataki na 3: Ku tambaya, wuri ake nufi ko adadi?

Nan ɗalibai masu ƙwazo ma ke faɗawa rami. Sun haddace cewa hypo ƙaranci ne, sai su fassara hypoglossal da ƙarancin harshe. Ma'anar hupo ta asali wuri ce, ƙarƙashi. Ƙaranci daga baya ya biyo, domin abin da ya kasa cika mudu yana ƙasan bakin mudu.

Ga hanyar rarrabewa. Idan saiwar sunan wani sashe ne na jiki, galibi wuri ake nufi. Hypoglossal ita ce jijiya ta 12 cikin waɗanda ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, tana bi ta ƙarƙashin harshe tana motsa shi. Hypothalamus yana ƙarƙashin thalamus. Hypogastrium ita ce mara, ƙasan tumbi. Hypodermic allurar ƙarƙashin fata ce, irin wadda likitan Edinbura Alexander Wood ya fara amfani da ita a 1853. Idan kuwa saiwar abu ne da ake aunawa, kamar suga, zafi, gishiri ko ƙarfin bugun jini, to adadi ake nufi.

Kalmar hypochondria ta cancanci a tsaya a kanta. Khondros guringuntsi ne, hypochondrium kuma gefen ciki ne na sama, ƙarƙashin guringuntsin haƙarƙari, inda hanta ke dama, saifa ke hagu. Likitocin dauri sun ɗauka daga nan baƙin ciki da waswasi ke tasowa. Yau hypochondria na nufin mutum ya riƙa fargabar yana da muguwar cuta alhali gwaji bai nuna komai ba. Kalmar ta tashi daga wuri ta koma hali, kuma yankawa kaɗai ba za ta kai ku wannan ma'ana ba.

Mataki na 4: Ku nemo ma'aunin

Hyper da hypo ba su da ma'ana sai an san tsakiya. Yawa fiye da me? Ƙasa da me? Ku rubuta waɗannan a littafinku:

Bugun jini: 140 bisa 90 ko sama, idan an maimaita awo a ranaku daban-daban, hawan jini ne a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka sun sauko da nasu zuwa 130 bisa 80 a 2017. Ƙasa da 90 bisa 60 faɗuwar jini ce, wato hypotension.
Suga: ƙasa da 3.9 mmol/L, daidai da 70 mg/dL, ga mai shan maganin suga, hypoglycaemia ce. Awon safe kafin a karya da ya kai 7.0 mmol/L, wato 126 mg/dL, alamar ciwon suga ce.
Fotasiyam: daidai shi ne 3.5 zuwa 5.0 mmol/L.
Sodiyam: 135 zuwa 145 mmol/L.
Zafin jiki: ƙasa da digiri 35 ga babba hypothermia ce.

Hattara da abu biyu. Na farko, ma'aunin na canzawa da mutum. Jariri sabon haihuwa da zafinsa ya yi ƙasa da digiri 36.5 ya riga ya shiga hypothermia, ko da babba mai wannan adadi lafiyarsa ƙalau. Da hunturu, jaririn da aka yi wa wanka aka bar shi a buɗe nan da nan yake sanyi. Na biyu, ku duba da wane mudu aka auna. Wata na'urar mmol/L take nunawa, wata mg/dL, kuma ana ninka na farko sau 18 a sami na biyu. Majinyacin da ya zo da takarda daga Maraɗi ko Damagaram kuwa wataƙila giram a lita aka rubuta masa, inda 126 ke zama 1,26. Wanda ya ga wannan lamba ya ɗauka mmol/L ce zai zaci sugan ya faɗi warwas, alhali hawa ya yi.

Mataki na 5: Ku koyi saiwar sosai, har da wadda ba Girkanci ba ce

Goshi na faɗa muku hawa ko sauka, saiwa ce ke faɗin me ya hau. Hyperkalaemia yawan fotasiyam ne a jini, amma babu fotasiyam a rubuce cikin kalmar. Kal daga kalium take, ita kuma daga Larabci ƙali, tokar tsirrai. Hyponatraemia ƙarancin sodiyam ne. Natr daga natrium, wanda ya fito daga natron, dangin kanwar da uwayenmu ke jefawa a miyar kuka. Shi ya sa alamar fotasiyam a takardar gwaji K ce, ta sodiyam kuma Na. Hypertension ma ruwa biyu ce: goshin Girkanci, tension kuma Latin.

Saiwoyi masu kama da juna na buƙatar kulawa. Hypertrophy ita ce ƙwayoyin halitta su ƙara girma, hyperplasia kuma su ƙara yawa. Damtsen ɗan dambe hypertrophy ne, kuma lafiya ce. Kaurin tsokar zuciya bayan shekaru na hawan jini shi ma hypertrophy ne, amma cuta ce. Kumburin ƙwayar nan ta ƙarƙashin mafitsara da ke hana dattawa maza fitsari hyperplasia ne. Haka hypoxaemia ƙarancin oksijin ne a jini, hypoxia kuma a sassan jiki.

Mataki na 6: Ku jera kowace kalma da kishiyarta da 'yan'uwanta

Kada ku rubuta hyper ita kaɗai. A shafi guda ku sa ta da jan biro, hypo da shuɗi, a tsakiya kuma goshin daidaito: eu, normo ko iso. A ƙarƙashin kowace ku rubuta yadda majinyacin ke kasancewa.

Ku gwada da thyroid, ƙwayar da ke gaban wuya, wadda kumburinta muke kira maƙoƙo. Thomas Wharton ya raɗa mata suna a 1656 daga kalmar Girkanci ta garkuwa. Mai hyperthyroidism yana ci yana ramewa, zuciyarsa na dukan uku-uku, zafi na damunsa. Mai hypothyroidism jikinsa ya mutu, yana ƙiba, sanyi na damunsa. Mai lafiya euthyroid ne. Ga tarkon: a yawancin masu hypothyroidism, gwajin TSH, wato sinadarin da ke umartar ƙwayar ta yi aiki, hawa yake yi, domin ƙwaƙwalwa ce ke ta aika saƙo ga ƙwayar da ta ƙi aiki. Ɗalibin da ya ga lamba ta hau ya rubuta hyper ya faɗi.

Haka ruwan ƙari. Ruwan gishiri mai kashi 0.9 cikin ɗari isotonic ne, ƙarfinsa daidai da na jini. Mai 0.45 hypotonic ne, mai kashi 3 kuma hypertonic. Ledarsu kusan iri ɗaya ce, aikinsu a jiki ya sha bamban.

Ku ƙara sauran dangi a bayan littafin: a ko an, babu, dys, wahala ko lalacewa, tachy sauri, brady jinkiri, poly yawa, oligo kaɗan. Ku lura cewa anaemia a zahirin kalma babu jini take nufi, amma a aiki ƙarancin jini ce. Asalin kalma jagora ne, ƙamus da malami ke yanke hukunci.

Mataki na 7: Ku kai kalmar gefen gado

Duk abin da ya gabata shiri ne, nan ne aikin. Idan aka ba ku saƙo da baki ko ta waya, ku maimaita shi da babbar murya, ku haɗa da Hausa da lamba: "Likita, hypo ka ce, suga ya yi ƙasa, 2.4?" Kalma uku ne suka tsare juna, da wuya duka su kuskure. Lokacin miƙa aiki ga masu karɓar ku, ku yi haka nan. A fayil ku rubuta kalmar cikakkiya da haruffa masu kyau, lamba da ma'auninta a gefe. Rubutun da er da o suka zama zare ɗaya ba rubutu ba ne, ku mayar wa mai shi ya gyara, komai girmansa.

Sannan ku dubi mutumin. Faɗuwar suga da sauri take zuwa: gumi, karkarwa, yunwa, ruɗewa, suma. Hawansa a hankali yake zuwa: ƙishirwa, yawan fitsari, bushewar baki. Idan mai faɗuwar suga yana cikin hayyacinsa, a ba shi giram 15 na suga, kimanin babban cokali ɗaya, a sake aunawa bayan minti 15. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. Ta jijiya ake ba shi. Ku tuna kuma zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da maganin kwinin, da tamowa a yara, duk suna kayar da suga ga wanda bai taɓa ciwon suga ba.

Da fotasiyam abin ya fi haɗari, domin yawansa da ƙarancinsa duk suna rikita bugun zuciya. Mai ciwon ƙoda da fotasiyam ya riga ya yi masa yawa, idan aka ƙara masa saboda an karanta hypo a wurin hyper, zuciyarsa na iya tsayawa. Kada ku rataya ledar da aka zuba wa fotasiyam sai kun ga takardar gwajin da idonku.

Kurakuran da na fi gani

Haddar kalma a dunƙule ba tare da yanka ta ba. Ɗaukar duk hyper cuta ce. Fassara hypo da ƙaranci a inda wuri ake nufi. Karanta lamba ba tare da duba ma'auninta ba. Yi wa majinyaci da danginsa Girkanci, alhali "jininki ya hau, Hajiya" ko "sugan Baba ne ya faɗi" ya fi isar da saƙo, kuma su ma za su iya tsare ku idan kun kauce. Mafi muni a cikinsu shi ne jin kunyar tambaya. Ɗalibi yakan ji tsoron a ce bai iya Turanci ba, sai ya gyaɗa kai a kan abin da bai ji da kyau ba. Ba Turanci ba ne ma, Girkanci ne, kuma Baturen kansa koyonsa ya yi.

Ku ware minti goma kullum, ku da abokin karatunku. Ɗaya ya karanta kalma biyar da baki, ɗaya ya rubuta, ya yanka, ya fassara da Hausa, ya faɗi adadin daidai. Cikin wata guda kunnenku zai fara rabe "haifa" da "haifo" ko a cikin hayaniyar ɗakin gaggawa. Ranar da kuka yi shakka duk da haka, ku ajiye allurar, ku sake tambaya, ku sake aunawa. Matambayi ba ya ɓata.